A Kai Mutum Jangare, Ko A Kawo Aljani Tsakar Gida?

Wata ƙanwata a harkar rubutu ta turo min mafarin labari guda biyu da daddare, ta ce, "Yaya, don Allah ka duba min, wanne zan ƙarasa? Lokaci ya ƙure, ba zan iya duka biyun ba." Gajeren labari take son kaiwa gasa, kuma duka biyun a kan mutum ɗaya ta gina su, wani dattijon tela mai shago a bakin kasuwa.

A na farko, wani baƙo ne ya zo wa telan bayan magariba, ya ce maigidansa na son riga, amma sai an je an auna shi. Suka kama hanya har gindin wata kuka, kogonta ya buɗe, sai ga tela a birnin aljanu da tef ɗin awonsa a wuya. A na biyu kuwa telan ko ƙofar gari bai fita ba. Wata asuba ya buɗe shago ya tarar da kekensa da ɗumi kamar an kwana ana taka shi, ga likkafani an ɗinke an ninke a kan benci. Kafin la'asar aka yi rasuwa a unguwar. Bayan kwana tara abin ya sake faruwa.

Na ce ta ƙarasa na biyun. Sai dai na daɗe kafin in ba ta amsar, domin na farkon ba abin yarwa ba ne, na biyun kuma yana da ƙayar da ba ta gani ba. Duk mai son rubuta labarin da abin al'ajabi ke cikinsa sai ya tsaya a wannan mararraba: ko ya ɗauki mutum ya kai shi duniyar mutanen ɓoye, ko ya bar mutumin a gidansa ya sa abin ya zo ya yi masa sallama.

Hanyoyin nan biyu tare suka zo da ƙagaggen labarin Hausa na boko. A gasar rubutu da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933 daga Zariya, wadda ta haifi littattafai biyar na farko, kowace hanya ta samu mai binta. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam barin gida ya yi, ya shiga uwa duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, har tafiya ta haɗa shi da aljanu. Gandoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, ya fara da yaƙi da Turawa, sannan ya nausa gabas ya faɗa ƙasashen aljanu da dodanni. Jiki Magayi kuwa, na John Tafida da East, ciwonsa na gida ne: mai kuɗi ya aure budurwar wani, wanda aka ƙwace wa ya je ya nemo asiri, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo har ya kashe mahaifinsa. Wanda ya karanta ukun yana yaro zai tuna cewa biyun farko daɗi suka ba shi, na ukun kuwa nauyi ya bar masa a ƙirji. Bambancin ke nan a taƙaice, kuma har yau bai sauya ba.

Hanyar tafiya, wato a kai mutum can, tana da wata gata da babu mai ƙwace mata. Mai karatun Hausa ya tashi da "ga ta nan, ga ta nanku", ya saba a rufe masa da "ƙurunƙus kan kusu". Da zarar ka tsallakar da shi kogon kuka, ya ba ka lasisi. Doki ya yi magana, kogi ya koma madara, sarki ya shekara dubu a kan gado, ba mai tambayarka dalili. Ba wanda zai ce ka taɓa addini, ba wanda zai ce da maƙwabciyarsa kake. Kuma idan kana da maganar da ba ta faɗuwa a fili, a kan mai mulki ko a kan masu kuɗin gari, a can ne za ka faɗe ta ka kwana lafiya. Sarkin aljanun da ke karɓar haraji daga inuwar talakawansa ba zai aiko a kama ka ba.

Amma tafiya tana cin guzuri, guzurin gajeren labari kuwa kalmomi ne. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, ta saba neman labari tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500. Ɗauki wannan ma'auni ka auna labarin ƙanwata na farko. Sai ta nuna mana telan a shagonsa, ta kawo baƙon, ta bi da mu hanya, ta buɗe kogon, ta zana mana birnin, ta gaya mana wa ke mulki da abin da aka hana yi a can. Kafin tela ya ɗora tef a kafaɗar sarki rabin kalmomin sun tafi, kuma har lokacin ba abin da ya faru da zuciyarsa. Ragowar rabin ne za ta yi rikici da shi, ta warware, ta dawo da shi gida. Abin da ya sa da yawan irin waɗannan labarai ke ƙarewa a guje ke nan, kamar mai sallah da liman ya riga shi ruku'u. Ruwan Bagaja da Gandoki littattafai ne, suna da fili. Gajeren labari ɗaki ɗaya ne, ba ya ɗaukar ayari.

Akwai kuma matsalar aro. Birnin aljanun da nake cin karo da shi a rubutun matasa kusan ɗaya ne: katangar zinariya, ƙofar lu'ulu'u, kuyangi masu fukafukai, takobi mai fitar da wuta. Wani daga Dare Dubu da Ɗaya ya ɗebo, wani daga finafinan Indiya da na Sin da ake fassarawa. Alhali muna da namu birnin, Jangare, wanda masu bori ke cewa nan ne mazaunin iskoki, da gidajensa goma sha biyu da sarkinsa Sulemanu. Mutanen cikinsa kowa da halinsa: Ɗan Galadima ɗan gata mai caca da almubazzaranci, Malam Alhaji tsoho mai tari da carbi, Sarkin Rafi mai hauka, Inna Bafillatana, Kuturu mai ƙwaƙwalwa da iko. Ba kira nake a yi bori ba, taskar hikaya nake nunawa. Wanda ya zaɓi tafiya, ya tafi da kayan gida. In tela zai auna wani a can, ya auna Ɗan Galadima, wanda zai sa a ɗinka masa riga ta alfarma ya kai ta caca a daren.

Hanyar gida, wato a kawo abin nan, akasin haka take ta fuskar kuɗin shiga. Fili kyauta ne. Ka ce "shagon tela ana saura kwana biyar sallah", mai karatu ya riga ya gani: tulin yaduka, ƙyallaye a ƙasa, dutsen guga na gawayi saboda an ɗauke wuta, yaron shago yana gyangyaɗi, mata na zuwa suna cewa "Malam, alkawarin jiya fa?" Ba ka kashe kalma goma ba an gina maka duniya. Abin al'ajabi guda ɗaya tak kake buƙata, sauran kalmomin duka na mutane ne.

A nan ne labarin ƙanwata na biyu ya kama ni. Kowane tela yana da littafin awo, tsohon littafi mai maiƙo da ya rubuta tsawo da kafaɗa da hannun duk wanda ya taɓa yi wa ɗinki. Ka yi tunanin dattijon nan a karo na uku. Ya rufe ƙofar shago daga ciki, ya warware likkafanin, ya ɗora tef, hannunsa na rawa, sannan ya jawo littafin ya fara bin sunaye da yatsa. Ba a ga aljani ba, ba a ji ƙara ba, ba hayaƙi. Mutum ne da tef da littafi. Amma wa zai ajiye labarin a nan? Tambayar ta tashi daga "mene ne wannan abu?" ta koma "me mutumin nan zai yi da abin da ya sani?" Tambaya ta biyun ita ce abincin gajeren labari.

Marubutan wasu ƙasashe sun daɗe da gane wannan. Gabriel García Márquez na Kolombiya ya rubuta wani gajeren labari a 1968, inda wani tsoho mai manyan fukafukai ya faɗo tsakar gidan wasu talakawa bayan ruwan sama. Masu gidan suka kulle shi a akurkin kaji, limamin cocin garin ya gwada shi da Latin don ya ga ko mala'ika ne, matar gidan ta sa kuɗin kallo, har suka gina bene da abin da suka tara. Ba a taɓa gaya mana ko shi wane ne ba. Labarin na mutanen garin ne, tsohon madubi kawai ya zame musu.

Mu ma tunaninmu ya saba sa wa mutanen ɓoye kayan zamani. A wajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, aka fara jin iskokin da ake kira Babule ko Hauka, masu kamannin sojoji da manyan Turawan mulki. Jama'a sun ga sabon iko ya shigo rayuwarsu, sai ga shi ya bayyana har a cikin iskoki. To in haka ne, ba abin da zai hana marubucin yau ya sa al'ajabi a cikin wayar salula, ko injin markaɗe, ko layin cirar kuɗi.

Yanzu ga ƙayar. Mai karatun Hausa ba kamar Baturen da ke ɗaukar aljani a matsayin ƙirƙira ba ne. A wurinmu aljanu gaskiya ne, sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi. Sihiri gaskiya ne kuma haram ne, ga aya ta 102 a Baƙara. Muna shigar da yara gida da magariba, ba ma zubar da ruwan zafi sai da bisimilla, in wani ya dawo daga daji bakinsa a karkace sai a ce ya yi gamo. Saboda haka labarin da ya kawo aljani tsakar gida ba ya sauka a kunnenmu a matsayin tatsuniya. Sauka yake kamar labarin abin da ya faru.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Na taɓa rubuta labarin wani mai adaidaita da wata tsohuwa ke tsayarwa kullum bayan isha, ta biya shi da kwabo mai huda, kuɗin da aka daina kashewa tun zuwan naira a 1973. Na sa shi a wani zauren marubuta. Bayan mako biyu wani ɗan'uwana ya turo min shi, an cire sunana, an ƙara masa sunan wata unguwa, an rufe da "wallahi da gaske ne, a kula." Raina ya ɓaci ƙwarai, domin a unguwar da aka ambata akwai tsofaffi na gaske da ke tsayar da adaidaita da dare. Tun daga ranar na daina sa tsohuwa talaka a matsayin abin tsoro. Zargin maita ba wasa ba ne a garuruwanmu, ana korar mutum daga gida a kansa, ana dukansa, kuma kusan kullum marar gata ne ke shan wahalar. Wanda ya kai labarinsa Jangare ba ya ɗaukar wannan alhaki. Wanda ya kawo shi unguwa yana ɗauka.

Ƙaya ta biyu tambaya ce da duk mai karatu zai yi: me ya hana su kiran malam? A gidan Bahaushe, in keke ya fara ɗinki shi kaɗai, kafin azahar an karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi a shagon, an yi hayaƙi, an nemo mai ruƙiyya. Labarin da ya yi kamar bai san da wannan ba, ƙarya yake yi wa rayuwarmu. Dole ka amsa a cikin labarin. Ko dai telan ya ɓoye abin don yana tsoron a ce da hannunsa a mace-macen, wanda shi ne abin da mutum na gaske zai yi, ko kuwa malamin ya zo, ya zama mutum mai hankali da tausayi, ba wanda aka kawo don ya kore abin a sakin layi ɗaya a tashi ba.

Ta uku ita ce ramin da ya fi cin mutane: boka da kishiya. Da marubuci ya ji ana neman dalili sai ya ruga can. Ashe uwargida ce ta je wajen boka, ashe farraƙu aka yi, ashe kurciya aka yi masa ya bar gari, ashe mallaka ce. A shafi na ƙarshe boka ya tona asiri, muguwa ta haukace, a yi hamdala. An rubuta wannan har ya gaji. Kuma ka lura, da zarar an sa wa abin suna, al'ajabin ya mutu, ya koma shari'a: wa ya yi, me za a yi masa. Jiki Magayi ya tsira daga wannan rami domin tun farko mun san wanda ya yi asirin da dalilinsa, har muna tausaya masa, sai abin ya zame mana ciwo ba bincike ba.

Ta huɗu kuwa ita ce ta sa na kira ƙanwata a waya maimakon in rubuta mata. Na ce, "Ƙanwata, kekenki ya san gaibu." Likkafanin da ke riga mutuwa zuwa yana nufin akwai wani abu a shagon da ya san wanda zai mutu gobe. Ƙarshen Suratu Luƙman ya ce babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. A Suratu Saba'i, aya ta 14, aljanu sun ci gaba da wahalar aiki ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba, sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi. Mai karatun da ya yi allo zai tsaya a nan, kuma yana da gaskiya. A birnin tatsuniya da wuya a damu. A shagon da ke kusa da masallacin unguwa za a damu.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Yaya, in likkafanin ba riga mutuwar yake ba fa? In labarin mutuwar yake riga?" Wato mutumin ya riga ya rasu a nesa, a hanyar Agadas zuwa Libiya, ko a wurin ci-rani a kudu, ko a hannun masu garkuwa, gida ba a sani ba, tela kaɗai ya sani. Na ce mata ta samu labarinta. Iyakar da addini ya gindaya ba ta rage wa labarin komai ba, ita ce ma ta tura shi inda ya fi zafi. Wannan ribar ba a samunta a hanyar tafiya, domin can babu katangar da za ka jingina da ita.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce? In yara kake rubuta wa, ko labari mai dogon zango da za a riƙa bi kashi-kashi a WhatsApp ko a rediyo, ko kuwa ƙarfinka a kirari da faɗa da zayyana yake, tafi da mutuminka can, ka ba kanka fili, ka manta da kalma 1,500. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka dawo da shi ta ƙofar "ashe mafarki ne." Mai karatu ya bi ka har bayan duniya, bai cancanci a ce masa barci ake yi ba. In kuwa an ƙayyade maka kalmomi, kuma kunnenka na kama yadda mutane ke magana, yadda suruka ke gaisuwa da harshen damo, yadda mai bashi ke sallama, to zauna a gida. Ɗauki abin mamaki ɗaya, kada ka ƙara na biyu, kada ka sa masa suna, ka ajiye shi a hannun mutumin da yake da abin rasawa.

Akwai 'yar siririyar hanya a tsakani ga wanda ya kasa rabuwa da duka biyun, irin ta fataken dare: ayarin ya ratsa gari cikin dare da kiɗansa, wani ya leƙa ta katanga ya gani, gari ya waye an wuce. An buɗe ƙofar can amma ba a shiga ba. Tana aiki, sai dai tana son hannu mai sanyi.

Bayan kwana uku ƙanwata ta turo min ci gaban. Tela ya gano tsawon a littafinsa, na wani saurayi ne da ya tafi neman kuɗi shekara biyu da suka wuce. Ya ninke likkafanin ya tura ƙarƙashin tulin yaduka. Da hantsi sai ga uwar yaron da shadda a leda, ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe shi, ta ce, "Malam, ga wannan a ɗinka wa yaron nan. Jikina na ba ni wannan sallar a gida zai yi ta. Awonsa na nan wurinka ai, ko?"

Tela ya karɓi ledar da hannu biyu. Ya ce, "Yana nan, Hajiya."